Kama da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Ingilishi Masu Rikitarwa da Dalilan Rikicewarsu

1.0 Gabatarwa

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata ne kawuna, wanda ke sayar da goro a unguwar Sabo, ya kira ni zaurensa ya ce, “Kai ɗan jami'a, zo ka rubuta mana 'yar takardar shaida da Turanci.” Ashe wani maƙwabcinsa ne ya nemi rancen naira dubu 50 domin ya biya kuɗin hayar shago. Na ɗauki biro ina ji da kaina, na rubuta cewa “Alhaji borrowed his neighbour fifty thousand naira”, kowa ya sa hannu aka watse. Bayan wata huɗu Allah ya yi wa maƙwabcin nan rasuwa. Da aka zo lissafin bashi kafin rabon gado, sai babban ɗansa, wanda malamin makaranta ne, ya karanta takardar ya ce, “Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma bisa ga abin da ke rubuce a nan, ai ku ne kuka ci bashin.” Ba don mutum biyu da suka shaida miƙa kuɗin suna raye ba, da kalma ɗaya tal ta jawo wa kawuna asara da zubewar girma.

Wannan abin kunya da ya same ni shi ya sa na zauna na tambayi kaina dalilin da ya sa ɗalibin da ya shekara goma sha biyar yana karatu da Ingilishi zai kasa bambanta borrow da lend. Abin da na gano shi ne, rikicewar kalmomi ba daƙiƙanci ba ce, kuma ba ta faruwa haka kawai. Kowace rikicewa tana da tushe. Wata daga tsarin ma'anar harshen uwa take tasowa, wata daga tsarin sautinsa, wata kuwa daga tarihin shi kansa Ingilishin. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi waɗannan tushe guda uku ɗaya bayan ɗaya, ta kuma nuna cewa nahawun Hausa da muke koyo a aji makami ne na warware da yawa daga cikinsu.

2.0 Rikicewar da ke Tasowa daga Ma'ana

Harsuna ba sa yanka duniya gunduwa-gunduwa iri ɗaya. Inda wani harshe ya yi amfani da kalma ɗaya, sai ka tarar wani ya yi amfani da biyu ko uku. Mai koyon harshe na biyu kuwa yakan ɗauki ma'aunin harshensa ya auna baƙon harshen da shi ba tare da ya sani ba.

2.1 Borrow da Lend, Learn da Teach

A Hausa saiwa ɗaya ce ke ɗauke da ma'anar karɓa da ta bayarwa, sai dai a sauya ajin aikatau. Duk wanda ya yi darasin azuzuwan aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960 zai gane abin da ke faruwa a waɗannan jimloli:

Na ari littafi. / Na ara masa littafi.
Na ranci kuɗi. / Na ranta masa kuɗi.
Na koyi Hausa. / Na koya masa Hausa.

A jimlolin farko abin yana zuwa ne wurin mai magana, a na biyu kuwa daga wurinsa yake fita. Ingilishi bai bi wannan hanya ba, sai ya ware wa kowane ɓangare kalmarsa. Wanda ya karɓa shi ke yin borrow, wanda ya bayar shi ke yin lend. Ɗalibi shi ke yin learn, malami kuma teach. Saboda haka abin da ya kamata in rubuta wa kawuna shi ne “Alhaji lent his neighbour fifty thousand naira”, ko kuma “The neighbour borrowed fifty thousand naira from Alhaji”. A lura cewa borrow takan tafi da from, ita kuwa lend takan tafi da to, ko ta ɗauki sunan mai karɓa kai tsaye.

'Yan'uwanmu Yarabawa da muke aji ɗaya da su su ma ba su tsira ba, domin a harshensu kalmar yá tana nufin ara da arawa, kalmar kọ́ kuma koyo da koyarwa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa “borrow me your pen” ta game makarantun ƙasar nan, kudu da arewa.

Wani abin sha'awa shi ne, Hausa ma ta yi wani rabo da Ingilishi bai yi ba. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar tabarma ko keke. Rance kuwa na abin da za a kashe a biya da madadinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi. Bature mai koyon Hausa yakan rikice a nan kamar yadda muke rikicewa a can, domin shi borrow ɗaya gare shi.

2.2 Lie da Lay, Rise da Raise

Waɗannan kalmomi har waɗanda aka haifa cikin Ingilishi suna tuntuɓe a kansu, amma ɗalibin Hausa yana da mabuɗinsu a hannu, wato aji na 5 na aikatau, mai ƙarewa da -ar. A duba:

lie, kwanta / lay, kwantar da
rise, tashi / raise, tayar da ko ɗaga
sit, zauna / set, ajiye ko girka
fall, faɗi / fell, kayar da, kamar itace

Na farko a kowane layi aikatau ne ƙi-karɓau, na biyu kuwa so-karɓau. A tarihin Ingilishi ma haka abin yake, domin kalmomin na biyu an samo su ne daga saiwar na farko da ma'anar sa wani abu ya yi aikin. Don haka farashi da kansa yakan yi rise, amma 'yan kasuwa su ke yin raise ɗinsa. Idan jimlarka ta Hausa ta buƙaci “da” da karɓau a bayan aikatau, to kalma ta biyu kake nema.

Inda gizo ke saƙar shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Shuɗaɗɗen lie mai ma'anar kwanciya shi ne lay, na lay mai ma'anar kwantarwa shi ne laid, sannan ga wata lie ta daban mai ma'anar yin ƙarya, wadda shuɗaɗɗenta lied ne. Ke nan “he lay on the mat” ya kwanta a kan tabarma ne, “he laid the child on the mat” ya kwantar da yaro ne, amma wanda ya rubuta “he lied on the mat” ya ce mutumin ya shirga ƙarya a kan tabarma.

2.3 Bring da Take, Immigrate da Emigrate

A nan aji na 6 ne zai taimaka, wato mai ƙarewa da -o, wanda ke nuna aikin ya nufo wajen mai magana. Bambancin kai da kawo shi ne bambancin take da bring. Bambancin fita da fito, ko shiga da shigo, shi ne irin tunanin da ke raba export da import, da kuma emigrate da immigrate. Wanda ya bar ƙasarsa ya yi emigrate daga gare ta, a idon mutanen ƙasar da ya shiga kuwa ya yi immigrate. Ɗafa-goshin e- ko ex- daga Latin yake, ma'anarsa waje, im- ko in- kuma ciki. Shi ya sa hukumar da ke kula da shigowar baƙi ake kiran ta immigration.

2.4 Ji, Sha da Baƙo

Kalmar “ji” a Hausa jaka ce mai faɗi. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin ɗanɗano, muna kuma jin Larabci. Ingilishi ya rarraba waɗannan zuwa hear da smell da feel da taste da understand. Wanda ya ce “I am hearing a smell” ko “do you hear French?” Hausa yake yi da kalmomin Ingilishi. Haka “sha” take: ruwa drink, taba smoke, ƙwayar magani take, wahala kuma suffer. Ita ma kalmar “baƙo” ta haɗe abin da Ingilishi ya raba uku. Guest shi ne wanda ka gayyata ko ka saukar, visitor wanda ya kawo ziyara, stranger kuwa wanda ba ka san shi ba sam. Idan ka gabatar da surukinka da ya zo daga Zariya a matsayin stranger, ka yi masa rashin kunya ba ka sani ba.

A ƙarƙashin wannan rukuni ne “kaɗan” da “da yawa” suke. Hausa ba ta damu da ko abu mai ƙirguwa ne ko marar ƙirguwa ba, mutane kaɗan, ruwa kaɗan. Ingilishi kuwa ya ware few da many da fewer ga masu ƙirguwa, little da much da less ga marasa ƙirguwa. Har ila yau “a few friends” na nufin akwai 'yan abokai, abin ya wadatar, amma “few friends” kuka ne na ƙarancinsu.

3.0 Rikicewar da ke Tasowa daga Sauti

Abin da kunne bai rarrabe ba, da wuya hannu ya rarrabe shi a rubuce. Ingilishin Ingila yana da ƙwayoyin sauti kimanin 44, baƙaƙe 24 da wasula 20, alhali haruffan rubuta su 26 ne kacal. Hausa kuwa wasula 5 gare ta, kowanne da dogo da gajere, sai tagwayen wasula irin su ai da au. Dole ne a sami cunkoso idan aka zo cusa wasula 20 a cikin waɗannan gurabe. Farfesa Munzali Jibril ya yi nazarin yadda furucin Ingilishi ya bambanta a sassan Nijeriya a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982, kuma duk mai zaune a ɗakin kwanan ɗalibai irin namu yana jin wannan bambanci da kunnensa kullum.

3.1 Baƙaƙe

A Hausa p da f ba ƙwayoyin sauti biyu ba ne, ɗaya ce mai fuskoki daban-daban gwargwadon karin harshe. Sautin v kuwa babu shi sam. Kalmomin aro sun isa shaida: fensir da fasinja da firamare duk da p suka faro a Ingilishi, direba da talabijin da biza kuma v ce ta koma b. Wannan ne ke sa a rikita pull da full, pile da file, pan da fan, ko vote da boat, van da ban, curve da curb.

Sautuka biyun da ake rubutawa da th ma babu su a manyan harsunanmu uku. Bahaushe yakan mayar da su s da z, sai think ta zama sink, breathe ta zama breeze. Bayarabe da Ibo sukan mayar da su t da d, sai three ta zama tree, faith ta zama fate, other ta zama order. Wasu Yarabawan kuma sukan yar da h a farkon kalma ko su ƙara ta inda babu, sai heat da eat, ko hair da air, su cakuɗe. Masu iya magana na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Maimakon dariyar juna da muke yi a aji, kamata ya yi kowa ya san ramin da harshensa ya haƙa masa.

Akwai kuma s da z a ƙarshen kalma, inda bambancin kawai shi ne ziza. Loose sifa ce, abin da ya yi sako-sako, da s ake furta ta. Lose aikatau ce, yin asara ko ɓatar da abu, da z ake furta ta, ko da yake ba a rubuta z ɗin ba. Haka price, farashi, da prize, kyautar gasa. Haka cease, dainawa, da seize, ƙwacewa. Mai fassara labarai da ya rikita waɗannan biyun na ƙarshe zai iya mayar da tsagaita wuta ƙwace wuta.

3.2 Wasula

Mutum zai zaci tunda Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, kamar a gari na mutane da gari na tuwo, Bahaushe ba zai sha wahalar live da leave ba. Amma a tuna da darasin tsarin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: BW da BWW da BWB. Dogon wasali ba ya zama a rufaffiyar gaɓa, shi ya sa wasalin ƙarshe na “riga” yake gajarcewa a “rigar”, na “gida” kuma a “gidan”. To, kalmomin leave da seat da feel da sheep da fool duk rufaffun gaɓoɓi ne masu dogon wasali. Harshen Bahaushe sai ya bi dokar da ya saba ya gajarce su, su koma live da sit da fill da ship da full. Daga nan sai ka ga an rubuta “I leave in Sabo” ko “feel this form”.

Wasulan tsakiyar baki su ma wata matsalar ce. Ɗan arewa yakan ja wasalin luck zuwa a, sai ta haɗu da lack, stuff ta haɗu da staff, first da fast, heard da hard, firm da farm. Ɗan kudu kuwa yakan ja shi zuwa o, sai luck ta haɗu da lock, cut ta haɗu da cot da caught da court. Kalma ɗaya ce, amma kowa da abokiyar da yake rikita ta da ita.

4.0 Rikicewar da ke Tasowa daga Tarihin Ingilishi

Rukuni na uku ba laifin harsunanmu ba ne, gado ne da Ingilishi ya taho da shi. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin harshen, suka tarar da na asali da kuma waɗanda aka aro daga mutanen Sikandinebiya. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa, alhali furuci yana tsakiyar wani babban sauyi na dogayen wasula da ya ɗauki tsawon lokaci daga wajen 1400 zuwa wajen 1700. Lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, rubutu ya riga ya tsaya a wuri ɗaya, baki kuwa ya yi gaba.

Sakamakon haka shi ne tarin kalmomi masu furuci ɗaya da rubutu daban. A da meet da meat ba ɗaya ake furta su ba. A da ana furta k ɗin knight da w ɗin write, sai daga baya suka yi shiru, knight ta zama ɗaya da night, write ta zama ɗaya da right da rite. Ga kaɗan daga waɗanda suka fi addabar ɗalibai:

Their, there, they're. Ta farko mallaka ce, wato -nsu ko -rsu. Ta biyu wuri ce, can, ko kuma “akwai” a there is. Ta uku taƙaitawar they are ce.

Its da it's. Marar waƙafin sama mallaka ce, -nsa ko -nta na abin da ba mutum ba. Mai waƙafin taƙaitawar it is ce ko it has. Gwajin mai sauƙi ne: warware ta zuwa it is, in jimlar ta tsaya daidai to a sa waƙafi.

Cite, site, sight. Mai rubuta kundin kammala digiri yana yin cite na masana, wato ambaton aikinsu. Site fili ne ko wurin gini. Sight gani ne.

Affect da effect. A mafi yawan lokaci affect aikatau ce, shafar abu, effect kuma suna, wato tasiri ko sakamako. Yajin aiki yakan yi affect ɗin karatu, effect ɗinsa kuwa shi ne jinkirin kammalawa. Sai dai effect takan zo a aikatau da ma'anar zartarwa, kamar a “to effect a change”.

Principal da principle. Ta farko shugaba ko abu mafi muhimmanci, ita ce muka ara muke cewa firinsifal. Ta biyu ƙa'ida ko aƙida.

Stationary da stationery. Mai a abin da ke tsaye ba ya motsi, mai e kayan rubutu. Asalinsu ɗaya ne, domin stationer a da mai sayar da littattafai ne da ke da tsayayyen shago, saɓanin 'yan talla masu yawo. A duba allunan shagunan da ke bakin ƙofar makaranta a ga nawa ne ke tallar kayan da ba sa motsi.

Complement da compliment. Mai e abin da ya cikasa wani abu, mai i kuwa yabo ko gaisuwar girmamawa.

Advice da advise, practice da practise, licence da license. A ƙa'idar Ingila mai c suna ce, mai s aikatau. A Amurka, inda Noah Webster ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828 da niyyar sauƙaƙa rubutu, practice ɗaya ce ga suna da aikatau, license ma haka. Shawara ita ce mutum ya zaɓi tsari ɗaya ya bi shi daga farkon takarda har ƙarshenta.

Kada wannan ya ba mu mamaki, domin mu ma muna da irinsu. A rubutun yau da kullum ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka “kuka” na hawaye da “kuka” ta miya kamanninsu ɗaya a takarda, haka “wuya” na jiki da “wuya” ta wahala. Wanda kuma ya yi sakaci da ƙugiya ya mayar da baƙi baki, ko ƙafa kafa, laifinsa ɗaya da mai rikita lose da loose.

5.0 Kuskure ne ko Ingilishin Nijeriya?

Ba duk abin da ya saɓa wa Ingilishin Ingila ne kuskure ba. David Jowitt ya tattara ɗimbin irin waɗannan kalmomi a littafinsa Nigerian English Usage na 1991. A watan Janairun 2020 kuma babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da Kannywood da okada da danfo da next tomorrow, wato jibi, da kuma to eat money, wadda kowane Bahaushe zai gane cin kuɗi ce.

Daga cikinsu akwai severally, wadda ta cancanci a tsaya a kanta. A Nijeriya tana nufin sau da yawa. A Ingila kuwa, musamman a harshen shari'a, tana nufin kowa a kan kansa, kamar a “jointly and severally”, inda ake nufin masu bashi za a iya bin su a haɗe ko a bi kowannensu shi kaɗai. Haka go-slow, wadda muka ara muke cewa gosulo, a nan cunkoson motoci ce, a Ingila kuwa jan ƙafa ne da ma'aikata ke yi da gangan don nuna fushi. Shigar kalma ƙamus shaida ce cewa ana amfani da ita, amma ba ta nufin kowane mai karatu a ko'ina zai fahimce ta da ma'anarmu. Aikin ɗalibin harshe shi ne ya san ma'anonin biyu, ya kuma san wa yake rubuta wa.

6.0 Hanyoyin Kauce wa Rikicewa

Na farko, idan ka yi shakka, mayar da jimlar Hausa. Ara ko ara wa? Kwanta ko kwantar? Kai ko kawo? Sau da yawa amsar tana nan.

Na biyu, tambayi kanka ajin kalmar da gurbin yake nema. Suna ne ko aikatau ko sifa? Wannan kaɗai ya isa ya raba advice da advise, affect da effect, loose da lose.

Na uku, riƙi ƙamusun da ke nuna furuci da misalan jimloli, irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, ka kuma koyi karanta alamomin furucin da ke gaban kowace kalma, tunda mun yi su a darasin ilimin furuci. Ga mai fassara kuwa, ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 yana rarrabe ma'anonin kalma ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, yi amfani da zubin kamantau. Ka sami abokin da harshen uwarsa ya bambanta da naka, ku riƙa karanta wa juna pull da full, three da tree, luck da lack da lock, ɗaya na faɗa ɗaya na rubutawa. Abin da kunnenka ya kasa kamawa nasa zai kama.

Na biyar, kada ka miƙa wuya ga kwamfuta ko wayar hannu. Jan layin da ke fitowa a ƙarƙashin kalma yana kama wadda babu ita a ƙamus ne, alhali site da sight duk suna ciki. Manhajojin gyaran rubutu na yanzu sukan gano wasu daga cikin irin waɗannan kurakurai, amma ba su san wanda ya ba da bashi tsakanin kawuna da maƙwabcinsa ba.

Na shida, ware 'yan shafuka a bayan littafinka ka riƙa rubuta kalmomin da kai kanka ka taɓa rikitawa, kowace da jimlarta. Jerin kurakuranka ya fi maka amfani a kan jerin kalmomi ɗari da wani ya tsara.

7.0 Gwada Kanka

A fassara waɗannan jimloli zuwa Ingilishi kafin a duba amsa:

1. Ara mini ƙamusunka.
2. Gwamnati ta ƙara kuɗin makaranta.
3. Ta kwantar da jaririn a kan gado.
4. Kada ka ɓatar da katin jarrabawarka.
5. Malam ya shawarce ni in ambaci masana uku.

Kalmomin da ake nema su ne lend a ta 1, raised a ta 2, laid a ta 3, lose a ta 4, sai advised da cite a ta 5. Wanda ya ci duka biyar, sai ya taimaka wa na kusa da shi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kalmomin Ingilishi masu rikitarwa sun kasu gida uku: waɗanda ma'aunin ma'anar harshen uwa ke haɗewa, waɗanda kunnenmu ke ji kamar ɗaya, da waɗanda tarihin Ingilishi ya bar su da furuci ɗaya. Kowane gida da maganinsa, na farko nahawu, na biyu horar da kunne, na uku ƙamus da lura.

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu aikin fassara ko koyarwa ko aikin jarida ke jiran mu, kuma tun kafin mu kammala, mutanen unguwa sun riga sun mayar da mu marubutan wasiƙunsu da takardun cinikinsu. Sun amince da mu ne saboda suna ganin mun san harsunan biyu. Magadan maƙwabcin nan sun biya kawuna kuɗinsa bayan shaidu sun yi bayani, amma har yau in na shiga zaurensa sai ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ɗan jami'a, yau wa ke bin wa?” Da fatan wani ba zai jira sai an yi masa irin wannan tambaya ba kafin ya buɗe ƙamus. Matambayi dai ba ya ɓata.